Gonar Inabin da Ke Jikin Kwalba

A shekarar da aka kai ni ɗaki, abu ɗaya na roƙi maigidana: ya bar ni in ci gaba da zuwa kantin Madam ranar Asabar. Ya ce shi ba ya hana ni, amma in sani mahaifiyarsa ba ta son maganar. Gidansu a Fagge yake, mu muna sashen baya, Hajiya tana sashen gaba, duk mai fita sai ya gifta ta ƙofar ɗakinta. Da muka je mata da zancen ta daɗe tana juya garwashi a kasko kafin ta amsa. Ta ce ta amince, amma ranar da wani abin da bai dace ba ya biyo ni daga Sabon Gari ya shigo mata gida, ranar na gama zuwa. Ta faɗa a hankali, ba faɗa ba tsawa, kuma na san ba ta maimaita magana.

Madam 'yar ƙabilar Ibo ce, Kirista, haifaffiyar Sabon Gari. Hausa a bakinta kamar a Fagge aka yanke mata cibiya. Kantinta na kayan kek ne: fulawa, bota, sukari, madara, da lemukan kwalba na biki. Mahaifiyata tana yin kek da cincin na sayarwa, kuma tun kafin a haife ni a wurin Madam take sayen kaya. A kan bencin kantin nan na koyi zama. Da mahaifiyata ta rasu, dangi kowa yana tuna ta da haƙuri da kirki, abin da ake faɗa a kan kowane mamaci. Madam kaɗai ke tuna ta da tsiwa. Ita ce take ba ni labarin yadda uwata ta taɓa mayar da buhun fulawa don ta ga ƙwaro ɗaya a ciki, da yadda take rawa a zaune in an saka kiɗa a shagon maƙwabta. In na zauna a wurinta sai in ji uwata ba ta gama tafiya ba. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗiyata.

Ni kuwa abin da nake biyanta da shi labari ne. Tun ina 'yar makaranta nake hayar littattafan soyayya, kuma duk wanda na gama sai na zo na zazzage mata shi tana auna sukari. Ba ta taɓa barin labari ya tafi lafiya ba.

"Tsaya, ɗiyata. Wannan saurayin da yake tsaye a ƙofar gidansu tun safe, ba shi da aikin yi ne?"

"Mama, so ne."

"So ne zai biya masa haya?"

A cikin littattafan nan akwai wani wuri da na fi so, kuma kusan kowace marubuciya sai ta kawo shi. Miji da mata sun zauna su biyu a teburi, an rage haske, ta zuba masa jan lemon inabi a kofin gilashi mai dogon ƙafa, ya karɓa yana kallon idonta har ya manta da kofin. Na karanta wurin nan a littattafai da yawa, ban taɓa tsallake shi ba. Maigidana kuwa mai tsara lodin manyan motoci ne a wajen tashar jirgin ƙasa. Yana dawowa da warin baƙin mai da ƙurar buhuna a riga. Mutum ne mai taushin hali, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma iyakar kalaman soyayyarsa su ne, "Kin ci abinci kuwa?" Na ƙudura a raina sai na zaunar da shi a teburin nan ko sau ɗaya.

A kantin Madam akwai kanta biyu na lemukan biki. Na sama na kwalaben ƙasar waje ne, waɗanda ake jerawa a gaban amarya a manyan ɗakunan taro, masu tsadar da ko tambaya ba na yi. Na ƙasa kuwa na kantin ne da kansa, da sunan kantin a jiki, kuɗinsu bai kai rabin na sama ba. Doguwar kwalba ce mai duhu, da ɗan jan ƙyalle ɗaure a wuya. Abin da ya kama ni takardar da ke manne a jikinta ne. Akwai hoton wani tudu kore shar, an jera itatuwan inabi layi layi, can sama wani farin gida mai jan rufi, ga wata mace da kwando a ƙugu ta juya baya tana kallon faɗuwar rana. A sama an rubuta da Turanci cewa jan wayin ne na zaɓaɓɓen inabi daga ƙetaren teku. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta babu giya a ciki ko ɗigo. Na karanta layin ƙasan sau ɗaya, na koma kan hoton na zauna. Na ba matar nan suna a raina, na ba ta miji wanda ya yi tafiya a jirgin ruwa, na ba gidan taga mai kallon teku.

Wata Asabar na ɗauki ɗaya. Madam tana fama da masu saye, ta naɗe mini ita a jarida, ta ce, "Ki sa mata ƙanƙara. Kuma kada ki ajiye ta ta daɗe." Ban tsaya tunanin me zai sa abin da ya ƙetaro teku ya kasa jure zaman ɗakina ba. Na saka ta a ƙasan jaka, na wuce ƙofar Hajiya da sallama.

Ranar Juma'a na zaɓa, don ita ce ranar da yake yini a gida. Bayan la'asar na sauke labule, na shimfiɗa farin mayafina a kan ƙaramin teburi, na fito da kofuna biyu masu dogon ƙafa daga cikin kayan jerena, na kunna kyandir. Ya shigo ya tsaya yana ƙifta ido.

"An ɗauke wuta ne?"

"A'a."

"To ai rana ce ma a waje."

"Zauna mana, hasken idona."

Ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani nake. Sannan ya yi murmushi irin na wanda aka sa wa hular da ta yi masa yawa, ya zauna. Na zuba masa. Launin ya yi kyau a gaban kyandir, ja mai duhu kamar lallen da ya kama sosai. Ya yi bisimilla ya kurɓa, ya ce, "Kai, da daɗi." Bai kalli idona ba, kofin yake kallo, amma na ce a raina da haka ake farawa. Ya shanye, na ƙara masa. Ni ma na sha nawa ina jin kaina a farin gidan nan mai jan rufi.

Yana tsakiyar kofi na biyu ya dafa ƙirji.

"Me ya sa nake jin zafi a nan?"

"Wane irin zafi?"

"Yana sauka tun daga maƙogwaro. Kamar an kunna ashana."

Ya jawo kwalbar, ya kai ta kusa da kyandir. Na ga leɓɓansa suna bin baƙaƙen, har ya zo kan kalmar wayin, sunan giyar inabi. Ya miƙe tsaye da salati, kujera ta faɗi. Na ce ya duba ƙasa, an rubuta babu giya. Bai ji ni ba, ya riga ya fita tsakar gida ya ɗauki buta yana kurkure baki yana zubarwa. Ya taɓa jin direbobi a tasha suna cewa ita abar haka take yi, tana sauka da zafi a ƙirji. Iyakar saninsa ke nan, kuma ya ishe shi tashin hankali.

Ƙarar buta da salati suka fito da Hajiya. Ta tsaya a tsakar gida da carbi a hannu, ta ce a kawo mata kwalbar. Na kawo. Ta riƙe ta da gefen mayafi, nesa da jikinta.

"Daga ina?"

"Daga kantin Mama, Hajiya. Lemo ne. Ga shi an rubuta babu komai a ciki."

"Wa ya rubuta?"

Na sake duban takardar.

"Takarda ai ba ta jin tsoron Allah," in ji ta.

Mutanen gidan asalinsu Barno ne, kakanninsu suka zo Kano da fatauci, kuma Hajiya da sana'ar gida ta tashi, haɗa turaren wuta da humra. Duk unguwa an san hancinta. Tana shinshina ƙyalle ta gaya maka turaren da aka sa masa da wanda aka cakuɗa. Sai muka zuba mata ido ta kai bakin kwalbar hanci. Ta shaƙa, ta lumshe ido, ta sake shaƙa.

"Akwai kanumfari," ta ce. "Akwai wani abu mai tsami."

"Giyar ce, Hajiya?" in ji ɗanta.

Ta harare shi. "Ni za ka tambaya? A ina na taɓa jin warinta?"

A nan muka gane halin da muke ciki. Mu uku a tsaye a kan kwalba ɗaya, kuma duk cikinmu babu wanda ya san ɗanɗanon giya, ko warinta, ko kamanninta a kofi. Mun san haramun ce, mun san masu shanta suna tangaɗi a bakin titi. Bayan wannan ba mu san komai ba.

Maigidana ya ce ya ji ana cewa tana kamawa da wuta. Aka zuba a cokali, ya ƙyasta ashana ya kai, ashanar ta mutu da 'yar ƙara. Na ce alhamdulillahi. Ya ce in dakata, ya kuma tuna an ce akwai irin da ba ta kamawa. Hajiya ta sa shi ya yi tafiya a kan layin siminti daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaure. Ya tafi sarai, sai dai tsoro ya sa yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake ruwa, har ta kasa gane ko lafiyarsa ƙalau. Ta juyo kaina ta ce in karanto mata Fatiha. Na karanta ba gargada. Ta ce wannan ba hujja ba ce, ko cikin barci zan iya.

Sai idonta ya faɗa kan zakaran gidan. Ta sa na jiƙa tsaki da abin, aka zuba masa a murfin kwano. Ya cinye tas, ya goge baki a ƙasa, ya zagaya turmi, ya je inuwar randa ya kwanta ya miƙe ƙafa ɗaya.

"Kun gani!" in ji maigidana.

"Kullum a nan yake kwanciya," na ce.

"Da ƙafa a miƙe?"

Babu wanda ya taɓa lura da yadda zakaran yake ajiye ƙafarsa. Muka tsaya a kansa mu uku, shi kuma yana kallonmu da ido ɗaya. Da Hajiya ta tafa hannu ya tashi a guje ya haye katanga, ya yi cara ba lokacinta ba. Wannan ma aka rasa ta wane gefe za a lissafa ta.

Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a ranar ba abin dariya ba ne. Hajiya ta ɗaure kwalbar a baƙar leda ta ajiye a bayan ƙofar zaure, ta ce kwalbar ba za ta kwana a ɗakin kowa ba. Ta ce ba ta yanke hukunci a kan zato. Gobe za mu je tare, ta ji daga bakin mai kantin. In maganar ba ta gamsar da ita ba, na san sharaɗinmu.

Da hantsi muka hau adaidaita sahu. Hajiya ta daɗe rabonta da Sabon Gari, ta ja mayafi har goshi, ledar tana ƙasa tsakanin ƙafafunta. Madam tana hango mu ta fito daga bayan kanta, ta goge kujerar roba da gefen zaninta.

"Maraba da Hajiya, sannu da zuwa. Yau manyan baƙi gare ni. Ɗiyata, ba ki ce za ki kawo mini surukarki ba, da na share wuri."

Suka gaisa a tsanake, aka tambayi gida da iyali da kasuwa. Sannan Hajiya ta kwance ledar ta ɗora kwalbar a kan kanta.

"Madam, tambaya na zo yi. Mene ne a cikin wannan?"

Madam ta kalli kwalbar, ta kalle ni. Na sunkuyar da kai. Ta kalli ƙofa ko akwai masu saye, ta rage murya.

"Hajiya, tsakanina da ke. Zoɓo ne."

"Zoɓo?"

"Zoɓo, da citta, da kanumfari, da ɓawon abarba, da ɗan filebo na inabi. A bayan kantin nan nake dafa shi."

Ni ce na fara magana, ba da niyya ba. "Mama, to gonar fa?"

"Wace gona?"

"Ta jikin takardar. Da farin gidan."

"Oho, wannan? Mai buga katin biki ne a wajen Bata ya ciro mini a kwamfuta. Ya nuna mini da yawa, na ce ya sa mai matar."

Ashe ba teku, ba jirgin ruwa, matar nan ma ba ta jiran kowa. Zoɓon da ake ƙullawa a leda a ƙofar makarantarmu na kunna wa kyandir. Amma a lokaci guda na ji sanyi, don na ɗauka magana ta ƙare. Zoɓo ai zoɓo ne, kuma zafin ƙirjin maigidana citta ce.

Hajiya ba ta ɗauka haka ba. Ta juya kwalbar ta nuna mini rubutun sama.

"Nan me aka ce?"

"Inabi daga ƙetaren teku."

"Ƙarya ce ke nan." Ta sauke yatsa ƙasa. "Nan fa?"

"Babu giya."

"To Madam, ki yi haƙuri da ni. Hannu ɗaya ne ya rubuta sama da ƙasa. In na sama ba gaskiya ba ne, da me zan riƙe na ƙasa?"

Madam ta ce na sama ado ne, kowa a kasuwa yana yi, na ƙasa kuwa amana ce. Ta ce matan Fagge ne masu sayenta, ba za ta taɓa cutar da su ba, ko kwalba ɗaya ta giya ba ta taɓa shiga kantinta ba. Ta ce in Hajiya tana so za ta rantse. Hajiya ta ce ba ta zo sa kowa rantsuwa ba. Ta fara gyara mayafi, alamar tashi. Na kalli bencin da ke gefen ƙofa, na ji idona ya cika.

A kan bencin nan kuwa akwai Oga, mijin Madam. Tsohon makanikin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, kullum yana zaune a nan da 'yar rediyo a cinya. Shi ba a Kano aka haife shi ba, a wurin aiki ya koyi Hausa, don haka kowa "kai" yake ce masa, mace da namiji. Ya kashe rediyon.

"Hajiya, ka yi haƙuri. Kai ka taɓa shan wayin?"

"A'uzubillahi!"

"Ɗanka fa?"

"Allah ya kiyaye."

"To ni na sha. Tun ina saurayi nake sha. Na sha mai tsada, na sha mai arha, na sha wanda bai kamata a ba mutum ba. Kawo kwalba."

Madam ta yi masa magana da yarensu, da alama cewa take ya yi shiru. Bai kula ta ba. Ya ɗauko kofi, ya zuba sauran, ya ɗaga shi sama yana dubawa a haske. Ya juya shi a hankali, ya shinshina, ya kurɓa, ya riƙe a baki yana wasa da shi daga kunci zuwa kunci. Hajiya ta kawar da kai, amma ina ganin tana leƙensa ta gefen mayafi. Ya haɗiye. Fuskarsa ta zube kamar wanda aka ce masa fansho bai fito ba.

"Babu," ya ce. "Ko ƙamshinta babu. Hajiya, ka duba ni da kyau. Wannan kanti cike yake da kwalaben nan, makulli yana aljihuna. Da akwai ɗigo ɗaya a ciki, da matar nan ta daɗe da karyewa."

"Ji shi, ko kunya," in ji Madam.

"Na taɓa ɓoye ɗaya a ƙarƙashin gado, na ce bari in ba ta lokaci, wataƙila ta zama mutum. Da na buɗe, funfuna ce ta gaishe ni. Wannan abin shayin mata ne mai sanyi. Ni abin da ke ba ni haushi sunan da ta sa masa. Ta ɓata wa wayin suna."

Wani sauti ya fito daga cikin mayafin Hajiya, ta mayar da shi tari. Ta saki gefen mayafin da ta tattara, ta koma ta jingina.

Daga nan hirar ta sauya. Hajiya ta tambayi Madam me ya sa take sayar da zoɓo a farashin da ya fi na zoɓo. Madam ta ce kwalba kuɗi ce, ƙyalle kuɗi ne, takarda kuɗi ce. Ta ce akwai uwar amaryar da ba ta da halin kwalaben ƙasar waje na kantar sama, amma ba ta son teburin 'yarta ya zauna tsirara a hoto, ita take yi wa. Oga ya sa baki ya ce na saman ma ruwan sukari ne da ya hau jirgi. Hajiya ta ce duk da haka a rubuta zoɓo, a huta.

"Hajiya, in na rubuta zoɓo wa zai ɗora a gaban amarya?"

"To ki cire tekun."

"Sai takardun da na buga sun ƙare."

"Kuma citta ta yi yawa. Ta kusa kashe mini ɗa."

Ba su daidaita ba, amma da za mu tafi Madam ta rako mu har titi, Hajiya kuma ta ce a gaida yara.

Muka hau adaidaita. Ban yi gigin tambayar hukuncin ba. Sai da muka tsaya a cunkoson Bata, masu talla suna miƙo kaya ta kowane gefe, Hajiya ta yi magana tana kallon waje.

"Ban yarda da takardar ba. Rantsuwar da ban karɓa ba ma ban yarda da ita ba. Baƙin cikin mutumin nan na yarda da shi. Ba a ƙirƙirar irin wannan fuskar." Ta juyo ta kalle ni. "Ki ci gaba da zuwa. Amma kwalbar nan kada ta sake shigo mini gida, maƙwabta ba za su karanta ƙananan baƙaƙe ba. In kina so, ki tafi da jug. Kuma a shanye a ranar."

Na ce na gode, Hajiya. Ta ce Allah ya shirya tsohon, yana da kirki.

Asabar ta gaba na tafi da ɗokina, amma Madam ba ta ɗago ba da na yi sallama. Ta amsa a taƙaice, ta ci gaba da sallamar masu saye, har waɗanda suka zo bayana. Na zauna a benci kusa da Oga, ya ɗaga mini gira, ya ƙara muryar rediyo. Sai da kanti ya yi sarari ta zo ta tsaya a kaina.

"A hannuna aka yi miki wankan farko na asibiti, kin sani? Uwarki tana kwance, ni na karɓe ki."

"Na sani, Mama."

"Ki zauna a gaban surukarki kai a ƙasa, kamar kin kamo ɓarauniya. Ko ki ce, Hajiya, Mamana ba za ta ba ni giya ba."

"Tsoro na ji."

"Tsoron ta, ko tsoron abin da ke cikin kwalbar?"

Gaskiyar ita ce duka biyun. Ta gane. Ta ja dogon numfashi, ta cire abin ɗaure ƙugunta na aiki ta jefo mini a cinya.

"Tashi. Tun kina rarrafe kike zuwa nan, ba ki taɓa wuce kanta ba."

Ta buɗe wata ƙaramar ƙofa a bayan buhunan fulawa. Ɗan fili ne mai siminti, da murhun gawayi, da babbar tukunya tana huci, da kwalabe wankakku an kife su a kan tebur suna tsanewa. Tururin ya bugi fuskata, tsami da yaji da zaƙi. Ta miƙo mini farin ƙyallen tacewa, ta nuna mini yadda zan riƙe bakinsa a kan bokiti, ta fara kwarara. Da ya rage dusa ta ce in murɗe, in matse da ƙarfi, kada in bar mata ko kaɗan a ciki. Da zafinsa, ina matsewa ina yarfe hannu, tana cewa haka uwata ma take da raki. Ta sa na ɗanɗana kafin sukari da bayan sukari. Ta ɗebo citta, ta tsaya, ta mayar da rabi cikin kwano tana gunaguni a kan Barebari da ƙirjinsu. Muka ɗura da mazurari har azahar ta gota, ta shimfiɗa mini kwali mai tsabta a gefe na yi salla.

Na dawo gida da jug cike a hannu ɗaya. Na wanke hannuwana da sabulu har sau nawa, jan bai fita ba, ya shiga layukan tafina da gefen farce. Da maigidana ya dawo daga tasha na miƙa masa ruwa, sai ya riƙe hannun maimakon kofin, ya juya shi yana dubawa.

"Lalle kika yi?"

"Zoɓo ne."

"Ya yi miki kyau," ya ce, bai saki ba. "Kin ci abinci kuwa?"